Ruwan Lambu Da Gubar Dalma: Sabuwar Dabarar Gwaji

Manomi yakan dubi ruwa ya ga ya kwanta garau, ya ce lafiyayye ne. To, ba kullum ba. Akwai gubar ƙarfe, kamar ta dalma da ta zaiba, wadda ba ta sāke launin ruwa ko ɗanɗanonsa. Tafasawa ma ba ta fitar da ita.

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum cikin Jihar Zamfara. Dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje don neman zinariya yana ɗauke da dalma. Ƙurarsa ta game tsakar gida, wankinsa kuma ya ɓata kududdufai. Tun kafin a gane cutar, agwagi suka fara mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada dalma ta wuce kashi 1 cikin miliyan 100 na ruwan sha. Wannan kuwa ya fi ƙarfin ido.

Ga dabarar da masana suke gyarawa. A shekarar 2004 aka gano waɗansu ƙananan ƙwayoyin gawayi a Amurka, waɗanda sai an jera fiye da 5,000 kafin su kai kaurin gashi guda. Ana iya yin su da ɓawon lemo ko na ayaba. In aka haska su da irin fitilar nan ta duba jabun kuɗi, sai su yi ƙyalli. Akan jiƙa 'yar takarda da su, sa'an nan a ɗiga mata ruwan da ake tuhuma. In da gubar, sai ta manne wa ƙwayoyin, ƙyallin ya dushe. Gwargwadon yawanta, gwargwadon dushewarsa.

Amma fa a lura: yawancin waɗannan takardu suna hannun masu bincike tukuna. Har wa yau tsatsar baƙin ƙarfe tana iya dushe ƙyallin. Saboda haka gargaɗi kurum suke yi, tabbaci sai a ɗakin gwaji.

Kafin su iso kasuwa, kada a niƙa dutsen zinariya a gida. Kada a wanke shi a tafkin da dabbobi ke sha, ko inda ake ɗibar ruwan ban-ruwan alayyafo da albasa. Wanda ya ga kaji ko agwagi suna faɗuwa kusa da wurin haƙa, ya gaggauta sanar da malamin gona da malamin asibiti. Rigakafi ya fi magani.