Yadda masu garka za su haɗa kai don kada maganin feshi ya daina ci

Tun da aka samu zinariya a Tchibarakaten a 2014, dubban masu haƙa ke zaune inda ba a noma, komai sai mota ta kawo. Wannan kasuwa da ta Arlit dama ce ga masu garka na Abzin, daga albasar Tabelot har inabi da rumman na Timiya. Sai dai inabi na da abokiyar gaba: funfunar da ke zuba wa ganye da 'ya'ya farin gari. In an nace wa magani iri ɗaya, ƙwayoyin da suka tsira su ke hayayyafa, iska ta kwashe su zuwa garkar maƙwabci. Mutum ɗaya ba ya tsare wannan, sai ƙungiya.

1. Ku tara robobin maganin da kowa ke fesawa. Kada sunan kasuwa ya ruɗe ku, ku duba sinadarin da lambar rukuninsa ta FRAC, mai nuna yadda yake kashe cuta. Azoxystrobine rukuni na 11 ne, difénoconazole da tébuconazole na 3. Sauya suna a cikin rukuni ɗaya ba sauyi ba ne.

2. Ku tsara jadawali guda tare da malamin gona. Kada a fesa rukuni na 11 fiye da sau biyu a jere. A tsakani a sa farar wuta, domin ta fuskoki da yawa take kashe funfuna, da wuya cutar ta saba da ita. A fesa ta da sanyin safiya, zafin rana na sa ta ƙona ganye.

3. Ku sayi magani a dunƙule daga asusun ƙungiya, kuma wanda kwamitin CSP mai tantance magungunan feshi a ƙasashen Sahel na CILSS ya amince da shi. Sari ya fi araha, jabu kuma ba ya samun ƙofa.

4. Ku sa riba a bin doka. Wanda ya bi jadawali ya karɓi magani a farashin sari, ya biya bayan ya sayar da amfani, kayansa su fara shiga motar ƙungiya. Wanda ya saɓa ya biya tarar da aka amince da ita tun farko.

5. Kada a rage awo don tsimi, kada a ƙara. Ku sassabe rassa iska ta ratsa, ku kwashe ganyen da ya kamu.

6. Ku naɗa mai rubuta ranar feshi, sunan magani da awonsa a kowace garka. In magani ya gaza a garka biyu ko uku duk da an bi ƙa'ida, kowa ya ajiye rukunin nan, a sanar da ma'aikatar kare tsirrai ta Agadas kafin sayayya ta gaba.