Fasinjan da bakinsa ba ya shiru

'Ya'yana masu jan adaidaita sahu, da ku yaran mota, ku ba ni aron kunnuwanku. Sana'arku ta haɗa ku da mutane iri-iri, kuma akwai wani fasinja da nake so ku san shi tun kafin ya shigo muku.

Uwa ce za ta tsayar da ku a Kurna, ga ɗanta matashi tsaf-tsaf, ba alamar ciwo a jikinsa. Kwandasta ya ce, "Bata! Bata! Saura mutum ɗaya!" Sai yaron ya karɓe, yana maimaitawa da irin muryar kwandastan sak, har a iso Fagge bai daina ba. Wani kuma tallar rediyo zai kawo daga farko har ƙarshe. Wani gunaguni kawai yake yi yana rangaji, ya toshe kunnuwansa da tafin hannu. Nan take a fara: "Hajiya, ki tsawata wa ɗanki mana." Wata ta ja jiki gefe tana a'uziyya, wai iskoki ne.

Sau da yawa wannan lalurar galahanga ce, wadda likitoci ke kira otizim, kuma da ita ake haihuwar mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Tun a 1943 wani likitan Amurka, Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 masu ita, har da wannan maimaita maganar da suka ji a bakin wasu. Abin da ya kamata ku gane shi ne, ƙarar hon, hayaƙi, zafi da cunkoson da ku kuka saba da su, shi ninki-ninki suke zo masa. Maganar kan kuɓuce masa kamar atishawa, wani lokacin kuma da ita yake kwantar wa kansa hankali. In aka daka masa tsawa, an ƙara masa ƙara a kan wadda ta riga ta ishe shi.

To, ka rage kiɗan nan. Ka ba shi kujerar gefe inda iska ke shiga, kada a matse shi a tsakiya. Kar ka dafa shi ko ka riƙe hannunsa don lallashi, domin da yawansu taɓawa na firgita su. In za ka yi masa magana, yi ta gajeriya, ka jira amsa. In ashar ta fito daga bakinsa, galibi a tasha ya tsince ta, ba da kai yake ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waya. Yaro na cikin halinsa, uwarsa kanta a sunkuye, wani ya ɗaga waya yana ɗauka don a yi dariya a TikTok. Ɗana, motarka ce, kai ne mai faɗa a ji a cikinta. "Alhaji, a yi haƙuri, lalura ce, a ajiye wayar nan." Kalma ɗaya daga bakin direba kan kashe maganar da uwar ba za ta iya kashewa ba, don ita ta gaji da yi wa duniya bayani kullum.

Akwai manya ma masu wannan lalurar da ke fita su kaɗai, su je aiki su dawo. Ku ba su canjinsu cif, ku tambaye su inda za su sauka, kada ku yanke musu shawara.

Kuma don Allah kar ku sauke su a tsakiyar hanya saboda fasinja ya yi ƙorafi. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya nuna musu wariya. In dole sai wani ya sauka, mai ƙorafin ya fi su iya tsayar da wata motar.