Yadda Ake Zama Malamin Jami'a a Fannin Matasa, Raya Al'umma da Ilimin 'Yan Gudun Hijira

Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a 2009, mutum fiye da miliyan biyu sun bar gidajensu a arewa maso gabashin Nijeriya. Wasu sun tsaya a sansanonin Bakasi da Dalori, wasu sun haye Komadugu sun shiga Diffa, wasu sun dangana da Minawawo a Kamaru ko Baga Sola a Chadi. A 2019 kuma mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka fara kwarara cikin jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Jaririn da aka gudo da shi a goye a 2014, yau ya isa shiga ƙaramar sakandare. Wa zai koyar da shi, da wane harshe, kuma takardar wace ƙasa za a ba shi? Waɗannan tambayoyi ne na masu bincike, kuma da yawa daga rahotannin da ake dogara da su baƙi ne suka rubuta su ta bakin tafinta. Idan kana jin harshen mutanen nan, kana kuma son aikin jami'a, ga hanyar.

Da fari, zaɓi ƙofar da za ka shiga. A Jami'ar Bayero ta Kano akwai sashen ilimin manya da hidimar al'umma, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri ma akwai makamantansa. Wanda ya karanci ilimin halayyar zaman jama'a, ko koyarwa, ko malamanta gona, shi ma ƙofa a buɗe take gare shi. Fannin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Jikan Yaƙi da Jahilci ne, wanda su Malam Ahmadu Kumasi suka ja ragamarsa a shekarun 1950, kuma Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano tun 1980 take aiki. Abin da za ka kiyaye a wannan mataki ɗaya ne: sakamako. Jami'a ba ta cika ɗaukar mai neman koyarwa ba sai ya fita da daraja ta ɗaya, ko ta biyu ta sama.

Na biyu, kuma a ganina shi ne ginshiƙin komai, ka shiga cikin mutane kafin ka koma aji. Ka nemi aikin sa-kai a makarantar sansani, ko ajin dare na masu yaƙi da jahilci, ko ƙungiyar matasan unguwarku. In bautar ƙasa kake yi, kada ka yi fafutukar a kai ka ofis mai sanyi. Shekara ɗaya ko biyu a gaban allo, cikin rumfar tamfol, da yara tamanin a kan tabarma, za ta koya maka abin da littafi bai faɗa ba. A nan za ka ga saurayi ɗan shekara goma sha biyar an zaunar da shi tare da 'yan shekara bakwai, ya naɗe doguwar ƙafarsa a bayan aji, bayan mako uku ka neme shi ka rasa, don kunya ta kore shi. A nan za ka lura ranar rabon abinci aji yakan zama wayam, domin 'yan mata suna riƙe wa iyayensu layi.

Ka sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, kowane dare ka rubuta kwanan wata, da abin da ka gani, da abin da aka ce, a cikin harshen da aka faɗe shi. Kada ka sa sunan kowa. Wannan littafi shi ne jarinka. Bayan shekara biyar, lokacin da 'yan ajinku ke yawon neman taken kundi a intanet, kai naka yana cikin jaka.

Na uku, ka san doka da kalmominta. Hausa tana kiran kowa ɗan gudun hijira, amma doka ta raba su biyu. Wanda ya ƙetare iyaka yana ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969. Wanda aka raba da gidansa yana cikin ƙasarsa, yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta shafe shi, kuma Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta mayar da wannan yarjejeniya dokar ƙasarta, a 2018. Bambancin ba na takarda kawai ba ne. Ɗan Bama da ke Maiduguri yana nan cikin manhajar Nijeriya. Ɗan Malam Fatori da ke Diffa kuwa ya tarar da makarantar Faransanci. Ka karanta ƙa'idojin INEE na ilimi a lokacin tashin hankali, waɗanda suka fara fitowa a 2004. Ka nemi littafin Barbara Harrell-Bond na 1986 a kan 'yan gudun hijirar Yuganda a kudancin Sudan. Ita ce ta kafa cibiyar nazarin 'yan gudun hijira ta Jami'ar Okusfod a 1982, kuma sukar da ta yi wa masu agaji da ba sa sauraren waɗanda suke taimako har yau ba ta tsufa ba.

Na huɗu, digiri na biyu. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar take mai faɗin ƙasa, irin su matsalolin ilimi a arewa maso gabas. Wannan ba ya ƙarewa, ba ya kuma amfanar kowa. Ka ɗauki tambaya ɗaya ƙarama ka bi ta har gindi. Gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin cikin Maiduguri a 2021. Yaran da ke karatu a Bakasi kafin a rufe shi, ina suka ci gaba? Shirin karatun gaggawa na ABEP, wanda hukumar NERDC ta tsara domin 'yan shekara 10 zuwa 18 da karatu ya wuce su, nawa ne daga waɗanda suka gama shi suke komawa makarantar gwamnati a ƙaramar hukuma ɗaya? Yaron da ke Kanuri a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a aji, da wanne ya fi saurin koyon karatu? Yaya makarantar Zannah Mustapha, wanda ya samu lambar yabo ta Nansen a 2017, ta haɗa marayun ɓangarorin biyu na rikici a aji ɗaya? Wajen zaɓen malamin da zai duba aikinka, kada girman suna ya ruɗe ka. Tambayi tsofaffin ɗalibansa ko yana karanta babi ya mayar a kan lokaci.

Na biyar, ladabin shiga sansani, kuma a nan ne mutuncinka zai tsaya ko ya zube. Ka fara da takardar amincewa daga kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku, sannan izinin hukumar agajin gaggawa ta jiha. Bayan haka ka je ka gai da bulama ko mai unguwa, da shugabar mata, da liman. Ka faɗi gaskiya tun a gaisuwa: kai ɗalibi ne, ba ka zo da shinkafa ba, ba kuma kai kake rubuta sunayen masu karɓar kati ba. Mutanen nan sun gaji da masu zuwa da takardar tambayoyi, a rubuta su a tafi, ba a sake jin ɗuriyar kowa. In ba ka wanke wannan zato ba, duk amsar da za a ba ka amsar neman tallafi ce. Kada ka ɗauki hoton yaro ba da yardar iyayensa ba. Kada ka tambayi mace abin da ya same ta a daji in ba shi kake bincike ba. In ma shi ne, a bar wa 'yar'uwarta mace wadda aka horar, kuma ku san asibiti ko mai ba da shawarar da za a tura ta in tsohon miki ya tashi. Ga 'yan mata masu karanta wannan: ɗakunan da za ku shiga, namiji ba zai taɓa shiga ba, shi ya sa fannin ya fi ƙishirwar ku.

Na shida, aiki da guzuri. Tsanin jami'a a Nijeriya yana farawa daga mataimakin malami mai digiri ɗaya, ya bi ta ƙaramin malami, malami na biyu, na ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, sannan farfesa. A Nijar, inda Diffa da Maraɗi duk suke da jami'a, ƙarin girma yana bi ta hukumar CAMES da ke Wagadugu. Malamin jami'ar gwamnati a Nijeriya yana iya neman tallafin TETFund don ƙaro karatu, akwai kuma guraben Kwamanwel da na DAAD ta Jamus. Wanda shi kansa ɗan gudun hijira ne da ya ƙetare iyaka, ya tambayi ofishin UNHCR game da tallafin DAFI, wanda Jamus ta fara a 1992. Zan gaya maka gaskiya: ƙungiyoyin agaji suna biyan abin da ya ninka albashin ƙaramin malami, amma kwangilarsu ta shekara ce, tana ƙarewa ranar da mai ba da kuɗi ya juya baya. Ka yi musu aikin bincike lokacin hutu, da sanin shugaban sashenku, kuma kafin ka sa hannu ka tabbata an yarda ka wallafa abin da ka gano.

Digiri na uku ba makawa, domin da wuya a kai babban malami ba tare da shi ba. Ka gina shi a kan tambayar digiri na biyu, kada ka sake sabon lale. Ka riƙa fitar da maƙala daga kowane babi, ka guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba wanda ya duba. Maƙala biyu da masana suka tace sun fi goma irin waɗancan. Ka koyi Faransanci in ɗan Nijeriya ne kai, ko Turanci in ɗan Nijar ne, domin mutanen da kake nazari suna ɓangarori biyu na iyaka.

Ranar da aka ɗaure kundinka, ka taƙaita shi cikin shafi biyu da Hausa ko Kanuri, ka koma wurin da ka yi hirarrakin. A tara malaman makarantar da iyayen yara da bulama, ka karanta musu, ka bar su su gyara maka inda ka yi kuskure. Ka kai kwafi ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. In akwai saurayi ko budurwa da suka yi maka jagora a sansanin, ka zauna da su ku cike fom ɗin JAMB tare kafin ka tafi.