Ka kaɗe mata ƙura ta ƙi tashi? Dakata, ba lallai ta mutu ba

A hunturun da ya wuce wani sakatare daga Sukukutane ya iso shagona a Dogon Dutsi da kwamfutar tebur ɗaure a bayan babur, an naɗe ta cikin bargo kamar mara lafiya. Ya ce, "Maigyara, ƙura kawai na hure mata, na mayar da komai yadda yake, sai ta mutu." Takardun aikin wata da watanni suna ciki, shi ya sa gumi ke tsattsafo masa duk da sanyin safiya.

Bai yi laifi da ya buɗe ta ba. A ƙasar Arewa, kwamfutar da ta shekara ba a kaɗe ta ba fankarta kan toshe da ƙura, in zafin Afrilu ya shigo ta riƙa mutuwa da kanta. Wurin mayarwa ake samun tangarɗa. Na cire murfi na leƙa, sai ga siririyar wayar da ke haɗa maɓallin kunnawa da babban allo, wanda muke ce wa kart-mer, tana lilo. Na sa bakin sukudireba na taɓa ƴan allurai biyun da take zama a kansu, fanka ta juya. Ko shayin da na ba shi bai ƙare ba aka gama gyara.

Kafin ka sa hannu ciki, zare wayar wuta, ka danne maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙoƙi, sannan ka dafa ƙarfen akwatin. Tartsatsin nan da riga ke yi a jikinka da daren hunturu ya isa ya lalata kaya.

In ka mayar da wayar wuta ka danna shiru, ko motsi babu, duba soket da makunnin da ke bayan akwatin wutar kwamfutar. Sai babban fulogi mai ramuka 24, ka tura shi har ka ji ƙas. Akwai ƙaninsa mai ramuka 4 ko 8 da ke ɓoye a kusurwa kusa da ƙwaƙwalwar injin, shi aka fi mantawa. In babu shi fanka na iya juyawa amma allon kallo ya zauna baƙi ƙirin. Haka ma in RAM bai zauna daidai ba. Cire shi, ka goge bakinsa mai ruwan zinariya da magogin fensir, ka lura da tsagin da ke ƙasansa, don ta fuska ɗaya kawai yake shiga. In guda biyu ne, gwada su ɗai-ɗai.

Wadda ke tashi ta mutu bayan daƙiƙoƙi, sau da yawa ƙarfen sanyaya ƙwaƙwalwa ne bai kwanta ba, ko man da ke tsakaninsu ya bushe. Na taɓa ganin wanda ya shafa man goge baki a wurin. Allah ya shirye mu. Jijjiga akwatin a hankali kuma, ko wani ƙaramin sukuru ya faɗa ƙarƙashin babban allo.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne jan makunnin nan na bayan tsofaffin kwamfutoci, mai lamba 115 da 230. An yi 115 ne don ƙasashe irin Amurka, wutarmu ta NIGELEC kuwa 220 ce. Mutum ya ga inji ya ƙi tashi, ya fara taɓe-taɓe, ya tura shi zuwa 115, ya jona wuta, sai ƙara da hayaƙi. Gyaran da ko dala ba zai ci ba ya koma sayen sabon akwatin wuta. Shi kansa akwatin wutar kada ka kwance shi, yana riƙe da wuta ko bayan an zare waya.

Jama'ar ofisoshi da makarantu, ku ci gaba da kaɗe ƙura, amma ku ɗauki hoton cikin kwamfutar da wayarku kafin ku zare ko waya ɗaya.