Bentley Blower: Yadda supacaja ke aiki, da yadda fasahar 3D ta farfaɗo da motar 1929

A shekarar 2012, an yi gwanjon wata tsohuwar motar tsere a Goodwood da ke Ingila a kan sama da fam miliyan 5. Motar ba ta da na'urar sanyaya ɗaki, ba ta da rufi, balle allon taɓawa. Sunanta Bentley Blower, kuma darajarta ta samo asali ne daga wani curin ƙarfe da ke maƙale a gabanta, wato supacaja.

Mene ne supacaja?

Injin mota yana samun ƙarfi ne idan fetur ya gauraya da iska, aka ƙona su a cikin silinda. Matsalar ita ce akwai iyakar iskar da injin zai iya zuƙa da kansa, kuma ƙara fetur ba tare da ƙarin iska ba ɓarna ce kawai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga maganin wannan matsala: da zarar an taɓa zugazugi, garwashi sai ya yi jawur. Aikin supacaja ke nan, tana ɗura wa injin iska da ƙarfin tsiya domin ya ƙona fetur mai yawa a kowane bugu.

Wadda ke jikin Blower samfurin Roots ce, kuma injiniya Amherst Villiers ne ya tsara ta. A cikinta akwai ƙarafa biyu masu juyawa, ɗaya dama ɗaya hagu, suna kamfatar iskar da ta gauraya da fetur suna tura ta cikin injin. An ɗaura ta ne a can gaba, a ƙasan lagireto, tana karɓar juyi kai tsaye daga injin. Da wannan dabara, injin mai silinda 4 da girman lita 4.4 ya tashi daga ƙarfin doki 110 zuwa 175 a motocin kan titi, ya kai 240 a na tsere.

Bambancinta da turbo

Turbo da ake gani a motocin yau ita ma iska take turawa, sai dai hayaƙin da ke fita daga injin ne ke juya ta. Shi ya sa ba ta cin ƙarfin injin sosai, amma takan ɗan yi jinkiri kafin ta amsa. Supacaja kuwa ana taka totur take amsawa, sai dai daga ƙarfin injin take ci kafin ta ba shi ƙari. Tana kuma jawo zafi da shan mai.

Motar da mai kamfani bai so ba

W.O. Bentley, wanda ya kafa kamfanin, bai yarda da supacaja ba. A ganinsa, idan ana son ƙarfi sai a ƙara girman injin. Direban tsere Sir Henry Birkin, wanda aka fi sani da Tim, shi ne ya nace, ya kuma samu tallafin kuɗi daga attajira Dorothy Paget. Dokar tseren Le Mans na awa 24 a Faransa ta sa dole aka ƙera guda 50 na sayarwa kafin motar ta cancanci shiga.

A Le Mans na 1930, Birkin ya fafata da Rudolf Caracciola mai tuƙa Mercedes, amma babu Blower ko ɗaya da ta kai ƙarshe. Bentley Speed Six, marar supacaja, ita ta lashe. Duk da haka, a shekarar ce Birkin ya zo na biyu a babban tseren Faransa a garin Pau, sannan a 1932 ya kafa tarihin gudun kilomita 222 a awa a filin Brooklands. Motar da ya yi wannan gudu da ita ce aka sayar a 2012.

Daga sukurudireba zuwa kwamfuta

A 2019, Bentley ya ɗauko Blower ɗinsa ta 1929, mota ta biyu cikin na tawagar Birkin, aka kwance ta ɗaiɗai. Kowane sashe an haska shi da na'urar ɗaukar siffa ta 3D, wadda ke auna tsawo da faɗi da kauri, aka tara bayanan har aka samu cikakkiyar motar a kwamfuta. Daga wannan zane aka ƙera sababbi guda 12, da firam ɗin jiki na katako kamar na asali, aka kuma mayar da tsohuwar yadda take. Danginta wannan fasaha na cikin aljihun wasu: na'urar LiDAR da ke wayoyin iPhone Pro tun daga 2020 tana auna siffar abu da hasken leza, ko da yake ba ta kai ta masana'anta ƙwarewa ba.

Darasin da ke ciki

Tun da ana iya kwafar kowane noti, me ya rage wa ta asali? Tarihi. Akwai motocin Bentley na wancan zamani da aka liƙa wa supacaja daga baya, kuma a ido ba su da maraba da Blower ta gaskiya, amma kama da wane ba ta wane. Shi ya sa masu tara tsofaffin motoci ke bin lambar shasi da ta injin, da takardun masana'anta, da jerin waɗanda suka mallaki motar, kafin su biya ko sisi. Mai sayen wayar hannu ta biyu da ke duba lambar IMEI kafin ya miƙa kuɗi, irin binciken nan yake yi.