Amsoshin Tambayoyinku: Maharban Amurka da Watan Satumba

Wani maharbi daga Roni yana tambaya: me ya sa masu kwari da baka a Amurka ke jiran Satumba kafin farautar dabbar elk?

To Malam, elk dabbar dawa ce mai ƙaho rassa-rassa, namijinta kan kai kilo 300. A jihohin Kolorado da Montana barbararsu kan yi ƙamari daga tsakiyar Satumba. Da asuba da almuru namiji na ta kururuwa, hankalinsa na wajen mata. Sai maharbi ya ɓuya inda iska ba za ta kai warinsa ba, ya kwaikwayi kukan mace har namijin ya matso kusa. Ku a duwatsun Roni rani kuke jira, ciyawa ta bushe. Su kuwa Satumba suke jira, kuma sai da lasisi.