Ramzi da Mataccen Mahaɗi: Matsalar Karanta Shekarun Rubuce-rubucen Ajami da Kwamfuta

Mawaƙan ƙarni na 19 a Daular Sakkwato sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da jimillar ƙimar haruffanta ke bayar da shekarar Hijira. Manhajar da za ta karanta irin wannan shekara tana dogara ne da jadawalin abajada, kuma marubucin manhaja yakan bar mahaɗi a gefen umarninsa mai kai mutum ga shafin da ya ɗauko jadawalin. Idan shafin ya ɓace daga intanet, umarnin yana ci gaba da aiki, amma hujjarsa ta tafi.

Haɗarin yana zuwa ne a wajen gyara. Mai gyara yakan nemi kowane shafi na abajada da ya buɗe, ya liƙa. Alhali jadawalin iri biyu ne, na Gabas da na Magariba, kuma malaman ƙasar Hausa na Magariba suka gada, tare da salon rubutunsu. Haruffa shida ne suka saɓa: س da ش da ص da ض da ظ da غ. Mafi muhimmanci a nan shi ne ش, domin a hisabin Magariba 1000 ne, a na Gabas kuwa 300. Wanda ya zo daga baya ya ga manhaja ta saɓa wa shafin da aka nuna masa, sai ya canja lambar da take daidai tun asali.

Wurno ta ba da ma'auni mai sauƙi. A can Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1253, wato 1837. Haruffan ش ر ن ج suna ba da 1253 a hisabin Magariba. A na Gabas 553 suke bayarwa, tazarar shekara 700 cif, wadda za ta mayar da Bello ƙarni na 12 na Miladiyya.

Saboda haka sauya adireshi kaɗai bai wadatar ba. Ya kamata a fara neman tsohon shafin a taskar Internet Archive, a tabbatar da jadawalin da yake ɗauke da shi, sannan a rubuta ƙimar haruffan shida da sunan hisabin a cikin manhajar kanta. A ƙarshe a gwada ta da shekarar wafatin Bello, da ta Shehu Usmanu, 1232, kafin a sake ta ga masu nazari.